FILIN MANOMA: Yadda Buhu 20 na Masara Zai Zama Buhu 40

Jama'a, a wannan mako za mu yi magana a kan masara, da dalilin da ya sa gonaki biyu masu iyaka ɗaya, ƙasa iri ɗaya, ruwan sama ɗaya, amma ran girbi wannan ya kwashe buhu 40, wancan kuwa da ƙyar ya haɗa 20. Waɗansu su kan ce sa'a ce, waɗansu su ce ai wane yana da asiri. Gaskiya ne arziki na Allah ne, amma Allah ya sa wa kowane abu sababi, kuma sababin wannan ba ɓoyayye ba ne. Mu bi shi ɗaya bayan ɗaya.

INA GIƁIN YA KE?

Da farko mu daidaita ma'auni, don kada lissafi ya ruɗe mu. Hekta ɗaya ita ce fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100, watau wajen eka biyu da rabi. Buhun masara kilo 100 ne, buhu 10 su ne tan ɗaya. Buhun taki kuwa kilo 50 ne.

To, idan an haɗa gonakin masara na Nijeriya duka aka raba, abin da hekta ɗaya ta ke bayarwa wajen tan 2 ne, watau buhu 20, ko kuwa buhu 8 a eka. A ƙasar Amurka hekta ɗaya tana ba da wajen tan 11. Amma kada mu tafi nesa, gama ƙasarsu da kayan aikinsu dabam ne. A nan ƙasarmu, a gonakin gwaji na Samaru da na manoman da su ka bi ƙa'ida a wajajen Saminaka, da Giwa, da Funtuwa, a kan sami buhu 40 zuwa 60 a hekta, iri mai aure ma ya kan wuce haka. Tsakanin buhu 20 da a ke samu da buhu 50 da ƙasar za ta iya bayarwa, wannan shi ne giɓin da mu ke nufi. Ba mu ce kowa zai cike shi duka ba. Amma manomin da ya ɗaura ɗamara yana iya cike abin da ya fi rabinsa.

LISSAFIN GIDA

Me ya sa abin ya dame mu? Ku ɗauki magidanci mai iyali wajen goma, wanda a ke auna tiya biyu kullum a gidansa. A shekara tiya 730 ke nan. Buhu kuwa wajen tiya 40 ne, sabo da haka cin gidansa buhu 18 ne da 'yan kai. Idan hektarsa ɗaya ta ba shi buhu 20, ya fid da zakka buhu 2, saura 18. Kun ga abinci ya tashi daidai wa daida, ba kuɗin magani, ba na makaranta, ba na sutura, ba na takin baɗi. Tilas ya sayar da wani abu da kaka, lokacin da hatsi ya ke arha, sa'an nan ya komo kasuwa cikin Yuli da Agusta ya saya da tsada, ko ya ci bashi, ko ya tafi ƙwadago gonar wani ya bar tasa ciyawa tana ci. Haka baɗi ma za ta zo masa da ƙaramin amfani.

Idan kuwa hektar nan ta ba da buhu 40, zakka 4, ci 18, saura 18 a rumbu. Daga ciki zai biya taki da iri, ya yi hidimar gida, ya jira kasuwa ta yi kyau. Ga shi kuma jama'a kullum ƙaruwa su ke yi, gonar da uba ɗaya ya noma yau 'ya'ya biyar ke rabonta. Sabon daji ya yi wuya. Hanyar da ta rage ita ce gonar da ke hannu ta ƙara bayarwa.

Kada wani ya ce abin ba ya yiwuwa, gama an taɓa yi. Dattawa za su tuna, kafin shekarun 1970 masara a ƙasar Hausa abar bayan gida ce, a gasa a ci ɗanya kafin gero ya nuna. Da aka buɗe aikin raya noma na Funtuwa, da Gusau, da Gombe a 1975, aka kawo taki da wani farin iri mai suna TZB daga cibiyar IITA ta Ibadan, sai masara ta fita daga bayan gida ta mamaye gonaki. Daga 1992 kuma shirin Sasakawa ya shigo Kano da Kaduna yana koya wa manoma a gonakinsu, a ɗan fili rubu'in hekta, mutane su ka ga da idonsu abin da ƙasarsu za ta iya yi. Ga abubuwa bakwai da aikin ya rataya a kansu.

NA ƊAYA: IRI

Abin da ka shuka shi za ka girba. Irin masara na zamani kashi biyu ne. Akwai iri mai aure, wanda a ke kira haibirid. Shi ya fi bayarwa idan ya ƙoshi da taki, amma ba a maimaita shi. Wanda ya ɗebi iri daga abin da ya girba ya sake shukawa, zai ga masara ta fito wata doguwa wata gajera, amfani ya ragu. Kowace shekara sai an sayi sabo. Akwai kuma iri marar aure, wanda manomi zai iya ajiyewa ya shuka shekara biyu ko uku kafin ya sabunta, muddin ya zaɓi goyo masu kyau daga tsakiyar gona, nesa da masarar maƙwabta.

Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta fid da iri da yawa masu suna SAMMAZ, kowanne da lambarsa. SAMMAZ 15 yana jure wa ƙuduji. SAMMAZ 27 mai saurin nuna ne, yana jure wa fari da ƙuduji. SAMMAZ 14 yana da abin gina jiki fiye da masarar da aka saba, ya dace da kunun yara.

Ku zaɓi iri gwargwadon tsawon daminar ƙasarku. Akwai mai kwana 80 zuwa 85, da mai 90 zuwa 95, da mai 105 zuwa 120. A wajajen Zariya, inda ruwan shekara ya kan kai wajen milimita 1,000, mai dogon kwana ya fi riba. Arewa da Kano, da Katsina, da Sakkwato, inda ruwa ya kan ɗauke da wuri, mai gajeren kwana ya fi aminci.

Ku yi hankali da jabu. Akwai marasa tsoron Allah da su kan rina hatsin kasuwa da jan launi su ɗura a leda su ce iri ne. Ku saya wurin dillalin da aka sani, ku duba tambarin hukumar kula da iri ta ƙasa a jikin leda. Kafin shuka da mako guda ku gwada: ku ƙirga ƙwaya 100, ku shuka a kwano ko a gefen rijiya, ku riƙa ba su ruwa. Idan 85 ko fiye sun tsiro, iri ya yi. Idan abin da ya tsiro bai kai 70 ba, ku nemi wani. Hekta ɗaya tana cin wajen kilo 20 na iri.

NA BIYU: LOKACIN SHUKA

Kada ruwan farko ya ruɗe ku. Ku jira ruwa ya zauna, a yi kamar biyu masu ƙarfi a jere, ƙasa ta jiƙa ta kai zurfin tafin hannu. A wajajen Zariya wannan ya kan faɗo daga ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuni, can arewa kuwa ya kan kai ƙarshen Yuni. Hukumar NiMet ta kan ba da hasashen damina a farkon kowace shekara, ku saurara a rediyo.

Amma da zarar ruwa ya zauna, kada a yi jinkiri. Lokacin da masara ta fi bukatar ruwa shi ne mako biyu kafin ta fid da fure da mako biyu bayansa, sa'ad da ta ke yin gemu tana ɗaukar goyo. Idan fari ya same ta a nan, sai ku ga totuwa da 'yan ƙwayoyi jefi-jefi. Wanda ya makara da shuka, shi ne wannan lokaci zai faɗo masa daidai ɗaukewar ruwa. Sabo da haka a gama sharar gona, a tanadi iri da taki tun watan Afrilu.

NA UKU: YAWAN TSIRE

Wannan shi ne gyaran da ba ya cin kuɗi, amma shi aka fi sakaci da shi. Ƙa'ida ita ce tsakanin kunya da kunya santimita 75, tsakanin rami da rami santimita 25, tsire ɗaya a rami. Ko kuwa tsakanin ramuka santimita 50, tsire biyu a rami. Ko wanne aka bi, hekta za ta ɗauki tsire wajen 53,000. Santimita 25 kamar taƙi ɗaya ne na babban hannu da ɗan ƙari. A yanki kara a kan wannan awo a ba masu shuka, ko a ƙulla igiya.

Yanzu ku dubi wanda ya yi kunya mai tazarar mita ɗaya, ya riƙa jefa iri a kowane taku, watau santimita 80, biyu a rami. Tsirensa 25,000 ne kawai, bai kai rabi ba. Idan kowane goyo ya ba da giram 100 na ƙwaya, mai tsire 53,000 yana da buhu 53, mai 25,000 yana da 25. Gaskiya ne goyon mai tazara ya kan fi girma kaɗan, amma girman ba ya biyan rabin gonar da aka bari fili. Masara ba ta yin 'ya'ya a gindi ta cike wuri kamar gero, ramin da ya mutu ya tafi ke nan.

A shuka zurfin santimita 5, kamar gaɓa biyu na yatsa. A gauraya iri da maganin shuka idan bai zo da shi ba. Bayan mako guda a bi gona a cike gurbin da bai tsiro ba. Bayan mako biyu a cire abin da ya yi yawa, gama huɗu ko biyar a rami ɗaya kishiyoyi ne, ba mai ƙoshi a cikinsu.

NA HUƊU: TAKI

Masara mayunwaciya ce. Kafin ta ba da tan ɗaya na ƙwaya sai ta sha wajen kilo 20 zuwa 25 na sinadarin naitirojin daga ƙasa. Ƙasarmu kuwa ta gaji, an daɗe ana ɗiba ba a mayarwa. Shugabannin Afirka da su ka taru a Abuja a 2006 sun tarar abin da a ke zubawa a gonakin nahiyar wajen kilo 8 ne a hekta, su ka yi alkawarin kai shi kilo 50.

Ganye ya kan faɗi abin da ke damun shuka. Idan ganyen ƙasa ya yi rawaya daga tsini ya bi jijiyar tsakiya, yunwar naitirojin ce. Idan ƙaramar masara ta yi ja-ja kamar an shafa mata shuni, ta ƙi girma, fosfaras ta rasa. Idan gefen ganye ya bushe kamar wuta ta lasa, fotash ne babu.

Ƙa'idar da masana su ka bayar ga ƙasashen masara na arewa ita ce, a hekta, kilo 120 na naitirojin, 60 na fosfaras, 60 na fotash. A bakin manomi, buhu 8 ke nan na kamfa mai lamba 15-15-15, da buhu biyu da rabi zuwa uku na yuriya. A eka ɗaya, kamfa buhu 3 da ɗan ƙari, yuriya buhu ɗaya.

Kamfa a kan sa shi ran shuka, ko cikin kwana 10 zuwa 14 bayanta. Kowane tsire giram 7 zuwa 8, watau murfin kwalbar lemo cike da tozo. Yuriya kuwa sai mako 4 zuwa 6 bayan shuka, masara ta kai gwiwa, kowane tsire wajen rabin murfi. Idan biyu ne a rami sai a ninka. A huda rami da tsinken ice, nesa da gindi kamar tsawon ɗan yatsa, a zuba, a rufe da ƙasa, kuma ƙasar ta kasance da danshi. Wannan rufewa ba ƙaramin abu ba ne. Yuriyar da aka watsa a sarari, rana ta buga ta, wani kashi ya kan bi iska, ruwa mai ƙarfi ya kwashe saura ya kai rafi. Buhun yuriya yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin. A gonar da aka kula da ita, kowane kilo ya kan jawo ƙarin kilo 15 zuwa 25 na masara, watau buhun yuriya ɗaya ya haifi buhu uku da rabi zuwa biyar da rabi. A gonar da ciyawa ta rufe, ko aka sa shi bayan lokaci, ko rabin haka ba a samu.

To, wanda kuɗinsa bai kai ba fa? Wannan tambaya ce ta gaskiya, gama taki ya yi tsada tun 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren, ga kuɗin mota ya ƙaru bayan cire tallafin man fetur a 2023, a 2025 kuma masara ta faɗi a kasuwa taki bai sauko ba. Kowane manomi ya yi lissafi kafin ya saya: buhun masara nawa zan sayar in sayi buhun taki ɗaya? Idan ƙarin da a ke sa rai bai ninka kuɗin takin ba, a rage. Buhunan farko su ne su ka fi biya, sabo da haka rabin ƙa'ida ma yana da riba. Amma kada a ɗauki buhu 3 a barbaɗa wa hekta guda kamar gishiri a miya. Gara a shuka masara a rabin hekta a ciyad da ita da buhu ukun nan, sauran rabin a sa waken soya, ko gyaɗa, ko wake, ko dawa. Waken soya da gyaɗa suna da 'yan ƙulle-ƙulle a saiwa masu jawo naitirojin daga iska, masarar da ta biyo bayansu baɗi za ta ci gajiyarsu.

Kada kuma a raina takin gargajiya. Kashin shanu, da na awaki, da na kaji, da toka, da sharar gida da ta ruɓe, su ne ke sa ƙasa ta riƙe ruwa, ta riƙe takin zamani. A kai su gona da rani, a tara a rufe, a baza kusa da huɗa. Ƙona karan gona asara ce. Abin da dabbobi ba su ci ba a bar wa ƙasa.

NA BIYAR: CIYAWA DA ƘUDUJI

Mako shida na farko su ne rayuwar masara. Ciyawar da ta yi kwana 40 tana cin abinci tare da ita ta riga ta yi ɓarna, ko da an nome daga baya. A yi noman firi mako biyu zuwa uku bayan shuka, a yi maimai a mako na biyar ko na shida, a haɗa shi da sa yuriya da tayar da kunya don kada iska ta kayar. Mai amfani da maganin ciyawa ya karanta takardar jikin kwalba, ko ya sa a karanta masa, ya bi awo, ya rufe hanci da jiki, kada ya ba yaro feshi, kada kuma a zuba ruwan sha ko man girki a kwalbar da ta ƙare.

Ƙuduji, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta, shi ne babban ɓarawo. Yana manne wa saiwar masara yana tsotsa tun yana ƙarƙashin ƙasa, kafin a ga furensa ya riga ya yi yawancin ɓarnarsa. Gindi ɗaya yana zub da 'ya'ya dubbai masu yawa, ƙanana kamar ƙura, su kan yi shekara 10 ko fiye a ƙasa suna jira. Maganinsa ba ɗaya ba ne, sai an haɗa: a shuka iri mai jure masa, a ƙosad da gona da taki, gama ya fi son ƙasar da ta gaji, a tuge shi kafin ya yi 'ya'ya a fitar daga gona a ƙone, a kuma juya shuka. Waken soya, da gyaɗa, da auduga su kan yaudari 'ya'yansa su tsiro, su rasa abin kamawa, su mutu. Wanda ya bar ƙuduji ya yi fure a gonarsa ya bar wa 'ya'yansa gado.

NA SHIDA: TSUTSA

A farkon 2016 aka fara ganin wata baƙuwar tsutsa a Nijeriya, asalinta daga nahiyar Amurka, cikin shekara biyu ta game yawancin Afirka. Uwarta wani malam-buɗe-littafi ne mai yawon dare. Alamarta, ganye ya yi huji-huji, a tsakiyar kan masara a ga kashinta kamar garin katako. Babbar tana da ɗigo huɗu baƙaƙe kusa da wutsiya.

Rigakafi ya fi magani. Tun daga mako na biyu, a zaga gona sau ɗaya ko biyu a mako. A tsaya wuri biyar dabam-dabam, a duba tsire 10 a kowane wuri, 50 ke nan. Idan 10 daga ciki sun kamu, masara kuwa tana ƙarama, lokacin magani ya yi. A yi feshi da sassafe ko da yamma, a saita bakin abin feshi cikin tsakiyar kan, inda ta ke ɓuya. Tana ƙarama magani ya ke cinta, idan ta girma ta shige ciki sai a yi ta asarar kuɗi. A ƙaramar gona ana iya bi a murƙushe ƙwai da tsutsa da hannu. Wanda ya shuka da wuri tare da maƙwabtansa ya fi tsira, gama gonar da ta makara ita ce tsutsar unguwa duka ke taruwa a kanta.

NA BAKWAI: GIRBI DA AJIYA

Ba a cewa an ci riba sai hatsi ya shiga tukunya ko kasuwa lafiya. Masara ta nuna idan ɓawo ya bushe, kuma idan an ɓalle ƙwaya aka ga baƙin ɗigo a gindinta. Kada a bar ta ta daɗe a gona gara da ɓera da ƙwari su raba da mai ita. A shanya a kan tamfol ko daɓe, ba a kan turɓaya ba. A ware goyon da ya yi fumfuna. Fumfunan nan yana haifad da wata guba mai suna afalatoksin, wadda ba ta da ɗanɗano, wuta ba ta kashe ta, tana lalata hanta tana hana yara girma. A ƙasar Kenya a 2004 mutum 125 su ka mutu sabo da cin masara mai ita. Cibiyar IITA ta fid da wani magani mai suna Aflasafe da a ke watsawa a gona, kilo 10 a hekta, mako biyu zuwa uku kafin fure, yana rage ta ƙwarai.

Ga yadda za a gane bushewa. A sami kwalba busasshiya, a zuba masara cikin tafi ɗaya da busasshen gishiri cokali guda, a rufe, a girgiza, a bari jim kaɗan. Idan gishiri ya manne a jikin kwalba, da sauran laima, a ƙara shanya. Idan ta bushe sarai, a zuba a buhun nan mai leda biyu a ciki da a ke kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙago, a matse iska, a ɗaure kowace leda dabam. Ƙwarin da ke ciki iska za ta ƙare musu su mutu, ba sai an sa magani ba. A ɗora buhuna a kan katako, nesa da bango, a tsare su daga ɓera.

GA 'YAN KASUWA DA MA'AIKATA

'Yan kasuwa, wannan magana ta shafe ku. Mai sayad da taki ya kawo kaya tun kafin ruwa ya sauka, gama takin da ya iso a watan Agusta ya zama tarihi. Kada a gauraya shi da yashi, kada a rage awo. Manomin da aka cuta bana ba shi da abin saye baɗi. Masu sayen hatsi a Dawanau, da Dandume, da Saminaka kuwa, ku bambanta kuɗin busasshiyar masara mai tsabta da na mai laima, sai manoma su ga amfanin wahalarsu.

Malamai ma'aikatan ofis masu aika kuɗin noma gida, ku aika da wuri. Kuɗin da ya isa a Afrilu ya fi ninkinsa da ya isa a Yuli. Kuma ku da kuka iya karatu, ku karanta wa 'yan'uwa wannan fili. Manoma kuma su haɗa kai, mutum 10 ko 20 su tara kuɗi su sayi taki da iri a sari, su yi hayar mota ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

KU GWADA DA KANKU

Ba mu ce kowa ya juya gonarsa duka bana ba. Gani ya kori ji. Ku auna fili mita 50 tsawo, mita 50 faɗi, rubu'in hekta ke nan. Abin da ya ke bukata shi ne iri kilo 5, kamfa buhu 2, yuriya kashi biyu cikin uku na buhu. Ku bi abubuwan nan bakwai a cikinsa ba tare da tsallake ko ɗaya ba, gama kamar sarƙa su ke: iri mai kyau ba taki, ko taki ba noma, ko noma ba yawan tsire, duk asara ce. Sauran gona ku yi yadda kuka saba. Ku rubuta ranar shuka, da ranar taki, da abin da kuka kashe. Da kaka ku auna wannan dabam, wancan dabam. Idan ɗan filin ya ba da buhu 10, kun kama hanyar buhu 40 a hekta, baɗi sai ku faɗaɗa gwargwadon ƙarfinku.

Wanda ya ga wani abu a gonarsa da bai gane ba, ya tsinko ganyen ya kai wa malamin gona na yankinsa, ko ya rubuto wa wannan fili. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi bayani a kan noman waken soya da yadda a ke juya shi da masara. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga fari da ƙwari, amin.